Risalar Jakar Mai Neman Ragin Hanya da Kwanan Ɓoye

Ka sani, ya kai ɗalibi, a ƙasashen Turai da Amurka akwai wata jama'a da Allah ya hore wa kuɗin jirgin ƙasa da na otal, amma suka ga ya fi musu su tsaya a bakin titi da babban yatsa a ɗage har wani bawan Allah ya tausaya ya rage musu hanya. In dare ya yi kuma sai su saci jiki su shige bayan wani shinge ko ƙarshen gonar wani, su kwana ba da sanin mai gonar ba, kafin gari ya waye sun tattara sun ɓace. Ba yaƙi ne ya koro su ba, ba kuma bashi ba. Hutu suke yi. Binciken dalilin haka ba aikin wannan risala ba ne, fannin likitoci ne, kuma muna yi musu fatan dacewa. Abin da ya hau kanmu shi ne jakar da suke goyawa: me ya wajaba a zuba mata, me aka so, me aka ƙi, da inda masana fannin suka yi saɓani.

Tushen wannan ilimi mas'ala ɗaya ce, sauran duk rassa ne. Da rana wajibi ne a ga matafiyin tun daga nesa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, saboda haka direban da ya hango mutum daga mita 200 yana da daƙiƙa bakwai kafin ya wuce shi, kuma mafi yawansu na taka birki ne. A cikin ɗan abin da ya rage zai yanke hukunci ko wannan da ke tsaye ɗalibin jami'a ne ko wanda ya tsallako katangar kurkuku, ko jakarsa za ta shiga mota, ko akwai alamar ya yi wanka a wannan makon. Da dare kuma wajibi ne kada a gan shi ko daga taku goma. Mutum ɗaya, jaka ɗaya, umarni biyu masu karo da juna. Mafi kusancin misali shi ne mai mata biyu a gida ɗaya: Rana uwargida, Dare amarya, rabon kwana ba ya tsallake, kuma duk abin da ka sayo wa ɗaya to ɗayar ta gani. Riga ruwan lemo mai ɗaukar ido haƙƙin uwargida ce, tanti mai launin ganye haƙƙin amarya ne, cefanen duka biyun kuwa bayan maigida ne ke biya.

Ana auna jakar goyo da lita, ko da yake ba a taɓa ganin wanda ya zuba mata ruwa ya tabbatar ba. Mafi yawan masana sun tafi a kan lita 40 zuwa 50. Hujjarsu cinya ce: ingantacciyar jaka ita ce wadda za ta zauna a cinyar mai ita a kujerar gaba ta ƙaramar Fiat, ƙofa ta rufu, direba kuma ya iya sa giya. Wadda ta wuce haka sai but, kuma jakar da ta shiga but ta bar hannunka ta koma amanar wanda ka sani minti biyu da suka wuce. Yawancin direbobi mutanen kirki ne. Amma ai ya isa mutumin kirki ya manta kana da kaya a baya, ka sauka, ya ja mota, kana ɗaga masa hannu da ƙarfi shi kuma yana ɗago maka na bankwana. Don haka fasfo da kuɗi da waya ba kayan jaka ba ne, a jiki suke wuni, a jiki suke kwana. In ba makawa sai but, ladabin shi ne a bar ƙofar mota a buɗe har sai jaka ta fito.

A kan launin jakar aka yi sulhu mafi kyau a tarihin fannin. Ita kanta ta zama baƙa ko koriya mai duhu, amma a saya mata rigar ruwa ruwan lemo ko ruwan ɗorawa. Da safe a lulluɓa mata, a jingine ta a gaban ƙafa inda direba zai ga cewa matafiyi ne na gaskiya, da magariba a cire a cusa a aljihu. A ciki kuma a fara shimfiɗa babbar ledar shara mai kauri, domin jakar da ake cewa ruwa ba ya shigarta ita ce wadda ruwan bai same ta ba tukuna. Jakar barci a ƙasa, abu mai nauyi a tsakiya dab da gadon baya, abin gaggawa a sama. Ɗamarar ƙugu ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin, ko da yake kafaɗa ce ke yin ƙorafi. Ƙa'idar da ake yawan ambata ita ce kada kaya su wuce ɗaya bisa biyar na nauyin mai su, wato mai kilo 70 ya tsaya a kilo 14.

A kan wannan nauyi ne mazhabobi biyu suka rabu. Ta farko ita ce ta masu awo. Waɗannan suna da sikelin kicin a gida, kuma babu abin da ke shiga jakarsu sai ya hau shi. Jagoransu na zamani Ba'amurke ne, Ray Jardine, wanda littafinsa na 1992 a kan taka dogon tafarkin duwatsun yammacin Amurka ya yaɗa aƙidar. Haddin da suka gindaya shi ne kaya, ban da abinci da ruwa, su kasa kilo huɗu da rabi. Don cimma haka suna yanke mariƙin buroshin haƙori, suna farke 'yar takardar da aka ɗinka a wuyan riga, suna bin igiyoyin jaka da almakashi. Babbar hujjarsu wata tsohuwa ce 'yar jihar Ohayo, Emma Gatewood, wadda a 1955, tana da shekara 67, ta taka tafarkin Afalashiya mai tsawon fiye da kilomita 3,000 da takalmin kambas da ɗan buhun da ta ɗinka da kanta, a ciki ga bargon soja ga labulen banɗaki da take fakewa da shi in ana ruwa. Suna da hila guda da ya kamata ɗalibi ya sani: abin da ke jikin mutum ba ya shiga lissafi. Shi ya sa za ka ga mai awo ya cika aljihunsa taf da waya da batir da wuƙa, wando na neman zamewa, yana kuma shelar cewa jakarsa kilo huɗu ce.

Ta biyu ita ce ta 'yan ko-ta-kwana. A wurinsu duk abin da zai iya faruwa a duniya yana da kayan aikinsa, kuma gara a ɗauka ba a yi amfani da shi ba. Su ne masu tukunya biyu, da gatari, da kujera mai naɗewa, da wando huɗu, da wani ƙaton littafi da aka daɗe ana niyyar karantawa. Hujjarsu Tony Hawks ne, ɗan barkwancin Ingila, wanda a 1997 ya zagaye tsibirin Ayalan da ragin hanya yana jan ƙaramin firij, saboda cacar fam 100 da ya yi da wani abokinsa. Firijin kansa ya fi kuɗin cacar tsada. Suka ce, in firij ya zagaye Ayalan cikin wata guda, me zai hana gatari? Masu awo suka amsa cewa wannan kiyasi bai yi ba. Firij fari ne, ana hango shi, ana tsayawa ko don a tambayi dalili, ga gidan rediyo yana bin labarin. Wato kayan uwargida ne zalla. Ba a kuma ruwaito cewa ya taɓa ja shi bayan shinge don kada a gan su ba. Marubucin wannan risala yana tare da masu awo a nan, ban da batun buroshi, domin giram ɗin da aka rage bai kai wahalar neman haƙorin ƙarshe da yatsu biyu a cikin baki ba.

Mu zo ga kayan uwargida. Na farkonsu alƙalamin maka baƙi mai kaurin baki. Kwalin ba a ɗauko shi daga gida, yana nan jibge kyauta a bayan kowane kanti da gidan mai. Makan ne ba ya tsirowa a daji. A rubuta sunan gari ɗaya da manyan haruffa, a bi kowane layi a maimaita har ya yi kaurin yatsa biyu, a ja baya taku ashirin a duba. An yi saɓani kan garin da za a rubuta. Wasu sun ce na nesa: wanda ke tsaye a wajen Balin ya rubuta Lisbon, direba zai yi dariya, kuma dariya rabin birki ce. Wasu sun ce na kusa, domin mai zuwa kilomita 60 in ya ga gari mai nisan kwana biyu ya sami uzurin da dama yake nema. Wasu kuma sun ce kada a rubuta komai. Dalilinsu shi ne mai kwali ya riga ya faɗi inda za shi, ba shi da hanyar ƙin motar da ba ta kwanta masa ba, marar kwali kuwa shi ke fara leƙawa ya ce, “Ina aka nufa?”, in fuskar ba ta yi masa ba ya yi godiya ya ce ba can za shi ba. Wannan ra'ayi na uku shi ne mafi ƙarfi ga mace mai tafiya ita kaɗai, kuma yana tafiya tare da ɗaukar hoton lambar mota a tura wa wani na gida a gaban idon direba. Na kirki ba ya jin haushi.

Na biyu riga ɗaya mai tsabta mai haske, a cikin ledar da ake zugewa. Ba a tafiyar ƙafa da ita, ba a girki da ita, ba a kwana da ita. A bakin titi ake sa ta, in an sauka a cire. Dalili kuwa, mota ƙaramin ɗaki ce mai rufaffen gilashi, lokacin sanyi da na'urar ɗumama a kunne, kuma mutumin da ya kwana uku a ciyawa shi kaɗai ne bai san halin da ake ciki ba. Alamar farko ita ce direba ya sauke gilashi a watan Janairu. Ta biyu ita ce ya tuna cewa ashe a mahaɗa ta gaba zai karkata. Ulun tumakin merino yana jure kwanaki bai yi wari ba, yadin roba yana saurin bushewa amma yana riƙe wari, auduga kuwa in ta jiƙe ba ta bushewa, sai ta kama zuƙe ɗumin jiki. Safa ƙafa uku: ta tafiya, ta shanya a bayan jaka, da ta barci wadda ba ta taɓa ganin cikin takalmi ba. Baƙin tabarau abin ƙi ne, domin ido direba yake nema. Tawul kuwa, Douglas Adams ya ɗaukaka shi a kan duk kayan matafiyi a littafinsa na barkwanci na 1979, har masoyansa na yi masa biki ranar 25 ga Mayu. A aikace ƙarami ya wadatar.

Kakin soja mai dabbare-dabbare amarya na sonsa matuƙa, uwargida kuwa ba ta ko son jin sunansa. Babu direban da zai tsaya wa mai shi a bakin daji, kuma a ƙasashe irin su Jamaika da Babados da Najeriya farar hular da ya sa shi zai sami ragin hanya nan take, sai dai ba shi zai zaɓi inda za a kai shi ba. Haka wuƙa: a ƙasan jaka take zama, ba a ƙugu ba. A Ingila wadda doka ta yarda a yi yawo da ita ba tare da wani dalili ba ita ce mai naɗewa wadda ba ta kullewa, kaifinta bai wuce inci uku ba. Don yanka cuku da burodi hakan ma ya yi yawa.

Mafi albarkar kayan Rana da tarihi ya sani wani ɗan littafi ne da aka fara sayarwa a ƙasar Foland a ƙarshen shekarun 1950. Matafiyi zai ɗaga shi a bakin titi, in ya sauka ya yago wa direba takardun shaida gwargwadon nisan da aka kawo shi, direba ya tara ya shiga gasar kyaututtuka da su. A ƙarƙashin mulkin gurguzu aka kafa tsarin, ya rayu har cikin shekarun 1990, kuma ko masu awo ba su sami abin yankewa a jikinsa ba.

Akwai waɗanda suka wuce gona da iri suka ce kayan Rana kaɗai sun isa. Hujjarsu hitchBOT ne, mutum-mutumin da wasu malaman jami'a biyu a Kanada suka haɗa da bokiti da takalman ruwa da safar hannu ta roba. Ba ya iya taka ko taku ɗaya, amma a 2014 ya ratsa Kanada daga Halifas zuwa Biktoriya cikin ƙasa da wata guda, mutane na ɗaukarsa suna ɗaura masa bel. Raddin da aka yi musu gajere ne. A Yulin 2015 ya fara ratsa Amurka, bayan mako biyu dare ya riske shi a fili a birnin Filadelfiya, ba tanti ba shinge, aka wayi gari an cire masa kai da hannuwa.

To, kayan amarya sun fi tsada, kamar yadda aka saba. Na farkonsu shimfiɗa ce, ba jakar barci ba, kuma a nan sabon shiga ke faɗuwa. Abin da ke ɗumama mutum a jakar barci iskar da ta maƙale ce a tsakanin gashin agwagwa ko zaren roba. Ɓangaren da ka kwanta a kai ya matse, iskar ta fice, ya zama yadi kawai ke tsakaninka da ƙasa, ƙasa kuwa dare farai take jan ɗumi ba ta ƙoshi. Shimfiɗar soso ba ta fashewa, amma sai an ɗaure ta a wajen jaka, inda take sanar da duk mai ido cewa wannan mutum ba shi da niyyar kama ɗaki. Ta hurawa tana shigewa cikin jaka, ta fi taushi, sai dai ƙaya ɗaya ta ishe ta, wasu kuma in ka juya a kansu sai an jiyo daga titi. A nan darajar kwali ke bayyana, domin shi kaɗai ne abin da kishiyoyin biyu suka yarda da shi: da rana allo, da dare a shimfiɗa shi ƙarƙashin ƙugu, da safe a karkaɗe a koma titi.

Jakar barcin kanta tana zuwa da lambobi uku na ma'aunin sanyi, bisa ƙa'idar gwajin da Turai ta kafa a 2002, inda ake zura mutum-mutumi mai ɗumi a ciki a auna. Ta farko ita ce sanyin da mace za ta yi barci a miƙe cikin jin daɗi. Ta biyu wanda namiji zai yi barci a dunƙule. Ta uku wanda za a kai awa shida ba a mutu ba, ba tare da alƙawarin cewa yatsun ƙafa za su cika da safe ba. Ɗalibi ya sayi jaka da lamba ta farko, ko da mai kanti ta ukun yake nuna masa. Gashin agwagwa ya fi ɗumi da rashin nauyi, amma in ya jiƙe ya tashi daga aiki. Zaren roba ya fi nauyi amma yana yafe ruwa.

Mafaka iri huɗu ce. Tanti mai tsayawa da kansa ba da turaku ba yana kafuwa ko a kan siminti a bayan gidan mai. Tamfol ya fi sauƙi, ya fi lafewa a ƙasa, amma ba ruwansa da sauro, ballantana 'yan ƙudajen nan masu cizo na tsaunukan Sikotland. Lilon kwanciya yana bukatar bishiya biyu a kusa da juna, shi ya sa ba a cika jin labarinsa a Aisland ba. Ta huɗu doguwar jaka ce da ake zura jakar barci a ciki. Ta fi kowa ɓuya, amma numfashi da gumin dare suna taruwa a cikinta, mutum ya farka a jiƙe alhali ba a yi ruwa ba.

Ko wacce aka zaɓa, akwai tarko guda da kamfanoni suka ɗana da kyakkyawar niyya. Sukan saƙa zare mai ƙyalli a cikin igiyoyin tanti don kada a yi tuntuɓe da dare, su kuma buga tambarinsu da fenti mai ƙyalli. Sai mutum ya kafa koren tantinsa a bayan itatuwa, ya ja baya ya duba, bai ga komai ba, ya yaba wa kansa, ya shiga. Can mota ta shawo kwana, fitilarta ta share gefen dajin, igiyoyi huɗu su haska fari fat daga sama har ƙasa, da sunan kamfani a tsakiya. Maganinsa shi ne tun a gida a baza kayan a ɗaki mai duhu, a ɗora tocila a gefen ido a haska, duk abin da ya amsa a canza shi ko a bi shi da makan nan na uwargida. Ita tocilar kanta ta zama mai jan haske, wanda ba ya kashe ganin dare kuma ba ya zuwa nesa. Hasken waya a cikin tanti yana mai da tantin fitila, don haka saƙon “na sauka lafiya” daga cikin jakar barci ake tura shi.

Hura wuta an hana shi baki ɗaya. Ɗan risho ma tun da sauran haske ake kunna shi, nesa da makwanci: a ci a wuri ɗaya, a wanke, a ƙara gaba, a kwana a wani. A dazukan Kanada da Rumaniya akwai ƙarin dalili, wato hancin beyar. Gwangwanin gas ba ya hawa jirgin sama, mai sayensa a gida ma'aikatan filin jirgi yake saya wa. Guzuri kuwa burodi ne da man gyaɗa da cuku da dabino; kifin gwangwani halal ne a daji, amma ba a buɗe shi a motar mutane.

Ruwa shi ne abin da ya gagari masu awo: lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma duk bincikensu bai rage mata giram ba. Lita biyu kafin dare ita ce mafi ƙaranci, a cika a gidan mai na ƙarshe. A ƙauyukan Faransa matafiya sun san cewa maƙabarta yawanci tana da famfo na masu shayar da furanni, wasunsu ma a bayan katangarta suke kwana, bisa hujjar cewa maƙwabtan ba su da kai ƙara. Ba mu ba da fatawar haka ba. Batun zagayawa kuma, ƙa'idarsu rami ne mai zurfin santimita 15 zuwa 20, nesa da ruwa da mita 60, a rufe. A 'yan shekarun nan masu awo, bayan dogon nazari kan nauyin takardar banɗaki, sun ƙirƙiro wani murfi mai huji da ake ɗaura wa gorar ruwa a yi tsarki da shi, ana kuma sayar da shi da kuɗi mai kyau a matsayin sabuwar fasaha. Wato sun gano buta. Muna taya su murna.

Wurin kwana ba a sa shi a jaka, amma shi ke gaya wa jaka abin da za ta ɗauka. A shiga da magariba, a fita da asuba. A hau sama da titi, domin idon mai wucewa gangara yake kallo. A guji kwari, can iska mai sanyi ke taruwa. A guji busasshen rafi, ruwan da aka yi a wani gari zai iya zuwa ba sallama. A guji lallausar koriyar ciyawar lambun birni, domin abin da ya sa ta yi kore famfunan fesawa ne da ke tashi da kansu da talatainin dare. A tafi da ɗan hantsaki na cire kaska. An yi saɓani kan toshe kunne: masu yi sun ce ba a barci kusa da hanyar tireloli sai da shi, masu hanawa sun ce wanda ya kwana a gonar da ba tasa ba yana da bukatar jin taku. An sasanta a kan toshe kunne ɗaya, a kwanta a kan ɗayan, wanda a aikace bai warware komai ba. Kare kuwa, musamman na mai fita yawon asuba, har yau ba a ƙera kayan da ke ɓoye mutum daga gare shi ba. Abin da ya rage shi ne a zauna, a gaida mai karen da harshen ƙasar, hannu na naɗe shimfiɗa.

Sai mas'alar da ta fi wahalar da manyan fannin: shin kwanan ɓoye yana inganta a inda ba a hana ba? A Nowe dokar 1957 ta ba kowa damar kafa tanti a ƙasar da ba a nomawa har kwana biyu, muddin ya nisanci gidan mutane da mita 150. Suwidin da Finland suna da irin wannan haƙƙi, Sikotland ta rubuta nata a dokar 2003. A garin Turomso ma, daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli, rana ba ta faɗuwa, amarya takan yi yaji na wata biyu. Mai laɓewa a can yana laɓewa ne daga wanda bai neme shi ba, kuma ra'ayi mafi rinjaye shi ne kwanan ya yi, sai dai ba a ba da labarinsa da alfahari. A Jamus abin akasin haka ne: tanti a daji yawanci an hana, tafiya a ƙafa a gefen babbar hanyar Autobahn ma an hana, don haka a gidajen mai ake tunkarar direba ido da ido, inda rigar cikin leda take biyan kuɗinta. A Ingila kuwa sai da izinin mai ƙasa, ban da filayen Dartmoor, kuma ko su sai da aka je Kotun Ƙoli. A kan hanyar shari'ar lauyoyi sun yi ja-in-ja kan ko barci shaƙatawa ne, da ko wanda ke cikin tanti yana sararin Allah ne. A Mayun 2025 alƙalai biyar suka yanke cewa a kwana.

Kada ɗalibi ya ɗauki wannan risala ya nufi dajin Rugu ko hanyar Birnin Gwari da ita, ba don can aka rubuta ta ba. A ƙasarmu baƙon da dare ya riska masallaci yake nufa ko ƙofar mai unguwa, ya yi sallama a ba shi tabarma. Wanda aka tsinta da asuba a bayan gonar dawa cikin koren tamfol da jar tocila da taswira, 'yan banga zai yi wa bayanin Ray Jardine, kuma ba a san su da haƙurin sauraron saɓanin mazhabobi ba.

Saura mas'alar gidan waya. Da yawa daga cikin matafiya, a mako na biyu, sukan shiga gidan wayan wani ƙaramin gari su zazzage jaka a ƙasa, su ware gatari da tukunya ta biyu da wando na uku da na huɗu da ƙaton littafin nan da har yanzu ke shafi na tara, su aika gida, sau da yawa da kuɗin da ya fi na gatarin. Shin abin da aka aika yana cikin lissafin kayan tafiya? 'Yan ko-ta-kwana sun ce yana ciki, domin an yi niyya kuma an ɗauka. Masu awo sun ce ba ya ciki, domin sikeli abin da ke kansa kawai ya sani. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne kada a ɗaure ƙunshin da kwalin da aka tsaya da shi a titi, domin ma'aikacin gidan waya manyan haruffa yake fara karantawa, kuma gatarin na iya riga mai shi isa Lisbon.